Warin da ke fita daga kilima: kurakuran da aka fi yi

A Damagaram an ɗauka fumfuna ciwon mutanen bakin teku ne, su Kwatano da Lome. Mu da rijiya ke ƙafewa, ina za ta samu laima? A cikin kilima take samu. Duk sa'ad da take ba ka sanyi, ruwa na taruwa a jikin siraran ƙarafan nan na ciki, ƙurar hunturu kuma ta riga ta kwanta musu. Ruwa da ƙura da duhu sun haɗu, kwana ɗaya zuwa biyu ya ishe ta kama.

Kuskuren da na fi gani shi ne rufe wari da ƙamshi. Uwargida ta ji ɗakin yana bashi kamar tsumman da aka manta a bokiti, sai ta ɗauko kasko ta zuba turaren wuta a ƙarƙashin kilimar. Hayaƙin mai maiƙo ne, na'urar ta zuƙe shi, ya liƙe a ƙarafan, ƙura ta samu wurin mannewa. Hajiya, ki kashe kilima kafin ki turara, sai hayaƙin ya lafa ki kunna. Sannan ki haska tocilan cikin bakin da iska ke fitowa. In kin ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo a jikin fankar nan mai kama da gora, to ga mai warin nan.

Sai masu wanke kilima da ruwan Jabel. Yana cin ƙarafan, don alminiyom ne. Mafi muni, wani ya haɗa shi da binegar wai don ya ƙara ƙarfi. Iskar da ke tashi guba ce, tana ƙona huhu. Ga yadda za ka yi: cire kuran tukuna, ɗaure hanci, zaro ragar tace ƙura ka wanke da ruwa da sabulu. A nan ma ana yin gaggawa, a mayar da raga da danshinta. Shanya ta a inuwa ta bushe ƙarau. Lokacin ƙura, duk sati biyu. Abin da ya wuce raga da murfi, a bar wa mai gyaran firigo.

Akwai kuma tiyon da ke fitar da ruwa waje, wanda ba mai duba shi. Na taɓa wanke tawa sau uku wari bai tafi ba, ashe zanzaro ne ya yi ɗaki a bakin tiyon, ruwa ya kwanta a ciki. In kilima na aiki a watan Agusta ba ka ga ɗigo a waje ba, ko ka ga yana bin bangon ɗaki, tiyon ya toshe ko ya lanƙwashe. Kada kuma a nutsa bakinsa cikin ruwan jarkar da aka tara.

Wata ɗabi'a mai sauƙi: kafin ka kashe, danna alamar fanka a komand, ka bar ta ta hura iska zalla kamar minti 20, cikin ya bushe. Da damina, alamar ɗigon ruwa ita ke rage laimar ɗaki.

Fanka mai ruwa, wadda ta fi yawa a gidajenmu saboda ba ta cin kuran sosai, ita ma tana da nata. Na san tsadar ruwa a garin nan, daga Birni har Garin Malam ba mai son zubar da ko kofi ɗaya, shi ya sa ake ta ƙari a kan tsohon ruwa har ƙasan tankin ya yi yauƙi. Juye shi ka ba shuka, ka goge tankin ko sau ɗaya a sati. Soson bayanta in ya yi baƙi yana wari, wanki ba ya fid da shi, sai sabo. Amfaninta na bazara ne, Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 iska kuma a bushe. Ruwan sama na sauka, ka zubar da ruwanta, ka kunna ta babu ruwa har soson ya bushe, sannan ka lulluɓe ta ka ajiye.