Kana shan maganin tansiyo, zuciya kuma na dukan uku-uku: inda ake kuskure

Mutum yana zaune a inuwa bayan azahar, bai yi gudu ba, bai ɗauki kaya ba, sai ya ji ƙirjinsa na lugude. Nan take ya ɗora laifin a kan ƙwayar hawan jinin da lokotoro ya rubuta masa, washegari ya ajiye ta. Wannan kuskuren ya fi sauran haɗari. Magungunan tansiyo irin su atenolol, bisoprolol da propranolol dama linzami ne a bakin zuciya. Ka sake shi farat ɗaya, zuciyar ta zabura fiye da da, tansiyo ya haura. Ko kwali ne ya ƙare kuɗi bai samu ba, sakamakon ɗaya ne, don haka a nemi na gaba tun da sauran ƙwayoyi. Ba a barin waɗannan sai sannu a hankali, da umarnin lokotoro.

Wani lokaci kam maganin ne. Amlodipine da nifedipine suna buɗe hanyoyin jini, sai zuciya ta ƙara sauri don ta cike gurbin, musamman a farkon sha ko bayan an ƙara yawansa. A asibiti ake gyara wannan, a rage ko a sauya. Wanda kuma ya manta na jiya ya haɗa biyu yau, shi ya jawo wa kansa jiri da bugun zuciya.

Sai mantawa da cewa a Damagaram muke. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, ga gumi, ga mai shan hydrochlorothiazide ko furosemide, masu sa yawan fitsari. Ruwan jiki ya ragu, sinadarin fotasiyam ya ragu, dole zuciya ta yi ta fama. In azumi ya zo, abin ya ƙaru. A sha ruwa isasshe, sai dai wanda aka ƙayyade masa saboda ciwon zuciya ko ƙoda, kuma a je a daidaita lokacin shan magani kafin a ga wata.

Abin da ba a son a faɗa shi ne shayin fada. Na ɗaya mai ɗaci, na biyu, na uku, a bi da goro, da safe kuma Nescafé, wani har da sigari. In lokotoro ya tambaya, sai a ce "ba na shan komai". Haka ƙwayoyin mura da ake saye wurin masu talla a tire: wasu na ɗauke da pseudoephedrine, mai tayar da bugun zuciya da tansiyo gaba ɗaya. Ventoline na masu asma ma yana sa zuciya sauri, amma shi ba a barinsa, faɗa wa lokotoro ake yi. Ranar zuwa asibiti a zuba duk abin da ake sha a leda, har da jiƙe-jiƙen gargajiya.

Da yawa kuma suna auna tansiyo, ba su kallon lamba ta uku da ke ƙasan na'urar, alhali ita ce bugun zuciya. Ga babban mutum da ke hutawa, 60 zuwa 100 ne a minti. Ba na'ura? Zauna minti biyar, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙirga na minti guda, ka rubuta da lokacin. Lura ko bugun na tafiya daidai ko yana tsalle-tsalle, domin mai tsallen yana buƙatar gwajin ECG, wato na'urar asibiti da ke zana bugun zuciya a takarda. Zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo duk suna sa zuciya gudu, gwajin jini ke rarrabe su.

Idan bugun ya zo da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, suma, ko mutuwar ɓarin jiki, ba zancen jiran gari ya waye. Ko kana Birni ko Zango, a sa ka a mota zuwa babban asibitin ƙasa na nan Damagaram, da ledar magungunan a hannu.