Shawara ga masu son koyon ɗinkin duwatsun ado mai tudu irin na Iroquois

'Yan'uwa masu sha'awar aikin duwatsun ado, ga abin da ya taimake ni a kan salon Iroquois, ƙabilu shida na jihar New York a Amurka da kudancin Kanada, waɗanda tun ƙarni na 19 matansu, musamman na Tuscarora, suke sayar da irin wannan aiki ga masu zuwa kallon magangarar ruwan Niagara.

Sirrin salon shi ne tudu. Ana zura duwatsun gilashi a zare fiye da tsawon wurin da za a rufe, ta yadda idan an soka allurar aka ja, layin zai lanƙwashe ya tashi kamar baka a saman yadin. Da na fara, furannina kwanciya suke yi, domin ina ƙirga duwatsun daidai da tsawon zanen, sai da na riƙa ƙara biyu ko uku a kowane layi kafin ganyen ya miƙe.

Ku yanke siffar furen a takarda, ku ɗinke ta a kan karammiski, ku sa kwali mai ɗan kauri a ƙasa don kada yadin ya tattare. Ku kuma goga wa zaren kakin zuma kafin ku fara, domin yana hana shi harɗewa.