Kurakuran da aka fi yi wajen shirya fim ɗin tsoro da barkwanci kan sayar da gidan aljanu

Labarin dillalin da aka damƙa wa gidan da jama'a ke cewa akwai aljanu a cikinsa, aka ce ya nemo mai saye, labari ne da ke jan hankalin masu shirya fim da ba su da jari mai kauri, domin gida ɗaya da 'yan wasa biyar ko shida sun isa a yi shi. Lissafin nasu kuwa yana kan hanya, tunda fim ɗin Paranormal Activity na Amurka, wanda aka fara nunawa a 2007, a gidan daraktansa aka ɗauke shi da kuɗin da ya kai kusan dala 15,000, kuma ya kawo fiye da dala miliyan 190. Amma haɗa tsoro da dariya a fim guda aiki ne mai wuya, kuma yawancin kurakuran da ke kashe shi tun daga rubutu suke farawa.

Kuskuren da ya fi kowanne girma shi ne a ɗora labarin a kan aljanin, alhali dillalin ne ginshiƙinsa. Aljani ba ya biyan haya, ba a binsa bashi, ba ya jin kunyar surukai, saboda haka mai kallo ba shi da abin da zai riƙe a wurinsa. Dillali kuwa yana jiran la'ada, magada sun matsa a sayar a raba kuɗi, shi kuma ya san ɓoye aibun kaya haramun ne a ciniki, kuma mai saye yana da damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibunsa. Mai kallo ma ya san wannan, kuma daga nan ne tsoro da dariya suke fitowa tare. Gyaran shi ne marubuci ya fayyace tun farko abin da dillalin zai rasa idan gidan bai sayu ba, ya kuma yanka masa wa'adi, sannan ya mai da kowane zuwan mai saye jarrabawa. Alhaji yana duba ɗaki, ƙofa ta rufe da kanta, dillali ya ce, "Ranka ya daɗe, ai gidan akwai iska," alhali gumi yana keto masa. Rikicin ɓoye irin wannan aibu har gaban alƙali ya taɓa kaiwa: a 1991 wata kotun ɗaukaka ƙara a jihar New York ta ba wani mai saye damar neman warware cinikin gida, saboda mai gidan ta sha yayata wa duniya cewa akwai fatalwa a cikinsa, amma ba a sanar da shi ba.

Kuskure na gaba shi ne na 'yan wasan da suke nuna wa mai kallo cewa sun san barkwanci suke yi, ana zare ido, ana faɗuwa ƙasa, ana ihu tun kafin wani abu ya faru. Idan ɗan wasa bai ji tsoro ba, mai kallo ba zai ji ba, kuma dariyar ma sai ta yi rauni. A ganina ya kamata darakta ya umarci kowa ya yi wasansa kamar a fim ɗin tsoro tsantsa, ya bar halin da aka shiga ya kawo dariyar da kansa.

Akwai kuma aron tsoron da ba namu ba. Matacce ya dawo cikin farin mayafi yana neman fansa abu ne na finafinan Turawa, kuma mai kallo a Kano ko Zinder bai taso da shi ba. Abin da ya taso da shi shi ne jifa a kan rufin kwano da tsakar dare, da tsohuwar rijiya da aka rufe, da tsamiyar da aka hana yara zama a gindinta da magariba, da gargaɗin kada a zubar da ruwan zafi ba tare da bisimilla ba. Waɗannan ba sa cin ko sisi. Sai dai wajibi ne a kafa wa mutanen ɓoyen ƙa'ida, wato a san lokacin da suke motsi, da ɗakin da ba sa so a shiga, da abin da ke fusata su. Idan a kowace fitowa suna yin abin da marubuci ya ga dama, mai kallo zai daina jiran komai, kuma jiran nan shi ne rabin tsoro.

Bayyana aljanin a fili da siddabarun kwamfuta mai arha ya kan rusa duk abin da aka gina. Buta ta matsa da kanta idan an ja ta da zaren kamun kifi, ko inuwa ta gifta a bayan labule, sun fi aljani mai jajayen idanu masu walƙiya tasiri nesa ba kusa ba.

Sauti ne wurin da ya fi cancantar a kashe wa kuɗi, kuma shi ne aka fi yi wa rowa. Sau da yawa ana dogara da makirufon da ke jikin kyamara, janareta yana ruri a zaure, sai a rufe ɓarnar da kiɗan tsoro daga farkon fim har ƙarshensa. Kiɗan da ba ya yankewa kunne ya kan saba da shi, shiru kuwa shi ne ke sa gaban mutum ya faɗi. A kai janareta nesa da doguwar waya, a rataya makirufo kusa da bakin mai magana, a sa mutum ɗaya ya riƙa sauraro da abin sawa a kunne ba shi da wani aiki sai wannan. A kowane ɗaki a naɗi shirun ɗakin na kamar minti ɗaya kowa ya yi tsit, domin mai tace fim ya cike gurabe da shi. Ƙarar ƙyaure, da takun sawu, da faɗuwar tsakuwa a kan kwano, duk a naɗe su daban a saka daga baya. Wajen tacewa kuma a bar ɗan tsaiko tsakanin firgita da maganar ban dariya, domin idan suka hau kan juna kowacce tana kashe 'yar'uwarta.

Duhu ma ana yi masa mummunar fahimta. Kashe fitilu gaba ɗaya ba ya kawo tsoro, hoto ne kawai yake dagulewa, musamman ga wanda zai kalla a waya ta YouTube. Fitila ɗaya daga gefe, wadda ta haska rabin fuska ta bar sauran ɗakin a inuwa, ta wadatar. Da yake wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, a saita kyamara a kan hoto 25 a daƙiƙa, saurin ƙiftawarta kuma, wato tsawon lokacin da idon kyamarar yake buɗe a kowane hoto, 1/50 na daƙiƙa, don kada hasken ƙwan fitila ya riƙa rawa a hoto.

Cusa waƙar soyayya a tsakiya da yawan fita kasuwa ko ofis suna huce tsoron da aka tara, suna kuma ƙara kuɗi.

Fitowar mai ruƙiyya tana buƙatar taka-tsantsan. Ana iya yi wa ɗan damfarar da ya fake da malanta dariya, amma idan dariyar ta taɓa karatun Alƙur'ani ko addu'a, masu kallo za su juya baya, kuma Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana da ikon hana fim ɗin fita. A rubuce ya kamata a raba mayaudarin da malamin gaskiya, kada a bar wa ɗan wasa ya ƙago magana a gaban kyamara.

Gidan da aka ara shi ma amana ce. A unguwannin da kowa ya san kowa, gidan da ya fito a fim a matsayin gidan aljanu yana iya rasa 'yan haya ko mai saye na gaske, yara kuma su laƙaba masa suna. A gaya wa mai gidan ainihin labarin, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a sanar da mai unguwa da maƙwabta cewa za a yi ihu da dare. Sannan a ɗauki ƙofar waje a wani wuri daban, ko a sauya mata fenti, a kuma kauce wa lambar gida da duk wata alamar da za ta nuna layin.