Kafin ka sayi kujera, nemi inuwa tukuna

Jama'a, ga 'yar shawara ga mai son gyara wurin shan iska a tsakar gida ko baranda. Kada ka fara da sayen kujeru. Ɗauki kwana 2 ko 3 kana lura da inda rana ke bugawa. Bangon da ke fuskantar yamma ya fi shan zafi, yakan riƙe shi har bayan faɗuwar rana, don haka ka nisance shi.

In babu inuwa, ɗaura tamfol ko yadi mai kauri, amma ka ɗan karkata shi ruwan sama ya riƙa gangarewa, in ba haka ba zai taru ya tsinka igiyar. Mai hali ya kafa rumfar katako.

Shuke-shuke kuwa, tsohon bokiti ya isa, a huda gindinsa kawai. Sai dai a kula da ruwan da ke kwanciya a ƙarƙashi, domin sauro kan tashi daga ƙwai ya girma cikin kwana 7 zuwa 10. A zubar duk mako.

Fitila mai aiki da hasken rana guda ɗaya ta wadatar. Ni dai na fi son mai rawayan haske, ƙwari ba su cika yi mata dafifi ba.