Yadda Ake Haɗa Katunan Tatsuniya Don 'Yan Aji Ɗaya

Malamai 'yan uwa suna ta tambayata yadda ake koyar da tatsuniya idan babu littafi. Ga matakan:

1. Ku zaɓi gajeriyar tatsuniya, irin ta Gizo da Ƙoƙi.
2. Ku samo kwali mai kauri a kasuwar Sabon Gari. Kwalin taliya ma ya wadatar.
3. Ku yanka shi gida shida.
4. Ku zana hoto ɗaya babba a kowane kati, yadda na bayan aji za su hango.
5. Ku buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku," ku jira "Ta zo mu ji ta."
6. Ku riƙa ɗaga kati ɗaya bayan ɗaya. Hattara! Kada ku baje su duka, hankalin yara zai koma kan hotuna.
7. Bayan "Ƙurunƙus", ku cakuɗa katunan.
8. Ku kira yara su jera su, har da mai kunyar magana, ko riƙe kati ne ya yi.