Ƙwallon golf da ya dace da ƙasarmu

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu fara golf a Garwa da Njamena, kada ku zuba sefa a kan ƙwallon Titleist Pro V1 don kun ga ƙwararru na buga shi. Fatarsa ta urethane ce, wata irin roba mai laushi, tana riƙe ƙwallo a kan lafiyayyar ciyawa. Mu kuwa da rani ƙasa ta ƙeƙashe, ga tsakuwa ga ƙaya, nan da nan zai kwarzane.

Ku nemi mai hawa 2, wato ciki da fata kawai, mai fata mai tauri, irin Srixon AD333. Ya fi araha, yana jure wahala, ba ya yawan karkacewa idan bugu ya kauce. Nauyi kam kusan ɗaya ne, doka ta tsayar da shi kada ya wuce giram 45.93. Lokacin hunturu ku ɗauki ƙwallo mai launin ruwan lemo, fari yakan ɓace cikin hazo.