Yadda ake yaɓa katangar jan ƙasa a Blender ba tare da hoto ko ɗaya ba

Wanda ya fara leƙa aikin gwanin zanen 3D ya ga akwatuna sittin haɗe da wayoyi, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne falwayar tsohuwar unguwa, inda waya ta hau kan waya har ba a san ta gidan wa ce ba. Da yawa a nan suke rufe manhajar su koma neman hotunan da wani ya riga ya ɗauka. Alhali kuwa akwatunan da ake maimaitawa a irin wannan aiki ba su wuce bakwai ko takwas ba.

Hanya biyu ce ake yi wa abu fata a zanen 3D. Ko dai ka ɗauki hoton dutse ko itace ka liƙa a jikinsa kamar fosta, ko kuma ka jera lissafi a cikin ƙananan akwatuna, waɗanda masu harkar ke kira nod, kwamfuta ta ƙirƙiro zanen da kanta. Ta biyun za mu bi. Fatar da aka haɗa da lissafi ba ta dushewa idan kyamara ta matso, ba ta maimaita kanta kamar tayil ɗin banɗaki, kuma da sauya lamba ɗaya sai ka samu wata katanga dabam.

Manhajar zanen 3D mai suna Blender na zaɓa domin kyauta ce, tun 2002 da jama'a suka yi karo-karo suka tara sama da Yuro dubu 100 domin Ton Roosendaal, mutumin Holan da ya ƙirƙiro ta, ya fanso ta daga masu hannun jari ya sake ta ga kowa. Akwai Substance Designer, wadda wani kamfanin Faransa mai suna Allegorithmic ya yi kafin Adobe ta saye shi a 2019. Ita ce kamfanonin wasannin bidiyo suka fi riƙewa, amma sai da kuɗi, kuma tunanin da za ka koya a nan shi ne za ka tarar a can.

Shirya wurin aiki

Buɗe Blender, ka shiga Edit, sai Preferences, sai Add-ons, ka nemi Node Wrangler, wani ƙari mai sauƙaƙa aiki da akwatuna, ka kunna shi. Da manhajar yake zuwa, a kashe kawai yake. Kada ka tsallake wannan, don rabin abin da zan faɗa a gaba da shi ake yi.

Dunƙulen nan mai fuska shida da ke tsakiyar allo shi za mu mayar katanga. Danna S, sai Y, ka rubuta 0.15, ka buga Enter. Sake danna S, sai X, ka rubuta 2. Yanzu ka samu bango mai faɗin mita 4 da tsayin mita 2. Danna Ctrl da A ka zaɓi Scale. Idan ka manta da wannan, duk zanen da ka yi zai fito a miƙe kamar an ja roba, ka yi ta zargin akwatunanka alhali ba laifinsu ba ne.

Daga nan ka danna Shading a saman allo. Ƙasa za ka ga akwati biyu: Principled BSDF da Material Output. Na farkon shi ke faɗa wa haske yadda zai yi idan ya faɗi a kan abu. Ya samo asali ne daga tsarin da Brent Burley na Disney ya gabatar a 2012. Na biyun ƙofar fita ce kawai. Saƙo daga hagu yake tafiya zuwa dama, kullum. Ɗige-ɗigen da ke gefen akwatuna kuma launinsu na da ma'ana: ruwan ɗorawa launi ne, ruwan toka lamba ɗaya ce, shuɗi mai duhu adireshin wuri ne ko alkibla, kore kuwa fata ce da ta kammalu.

Ka manta da launi tukuna

Nan ne gaba ɗaya maganar take. Kwamfuta ba ta san katanga ba, lamba ta sani. Baƙi a wurinta 0 ne, fari 1, duk ruwan tokan da ke tsakani kuma 0.3 ne ko 0.7 ko makamancinsu. Zanen baƙi da fari guda ɗaya zai iya zama umarni iri-iri: nan ya lotsa nan ya taso, nan ya yi ƙyalli nan ya yi kaushi, nan ja nan ruwan ƙasa. Mai koyo yakan ruga wurin launi tun a minti na farko, ya ƙare da wani abu mai kama da leda. Gwani yakan yi kusan dukkan aikinsa cikin baƙi da fari, sai a ƙarshe ya zuba launi.

Danna Shift da A, ka nemi Noise Texture ka ajiye. Riƙe Ctrl da Shift ka danna kansa, nan take za ka ga abin da yake fitarwa a jikin katangar: wani gajimare-gajimare mai ruwan toka. Wannan dannawar ita ce idonka. Duk akwatin da ka ƙara, ka leƙa shi haka kafin ka wuce. Idan kana son komawa ga cikakkiyar fatar, sai ka yi wa Principled BSDF irin wannan dannawa.

Wannan gajimare yana da tarihi. Ken Perlin ya yi aiki a fim ɗin Tron na 1982, ya gaji da yadda duk abin da kwamfuta ta zana ke fitowa sumul kamar na masana'anta, sai ya ƙirƙiro lissafin da ke ba da hargitsi mai laushi, wanda ba ya tsalle daga baƙi zuwa fari kai tsaye. Ya wallafa shi a 1985, aka ba shi lambar yabo ta Oscar a fannin fasaha a 1997. Hayaƙi, marmara, tsatsa, duk daga nan ake faro su.

Yanzu zaɓi akwatin Noise Texture ɗin ka danna Ctrl da T. Akwati biyu za su fito a bayansa, Texture Coordinate da Mapping. Aikinsu shi ne ba kowane ɗigo na jikin katangar adireshi. Cire wayar daga Generated ka mayar da ita Object, domin zanen ya bi ainihin girman bangon. Sai ka yi wasa da lambobi uku: Scale na ƙara yawan gajimaren ya ƙanƙanta shi, Detail na ƙara ƙananan ƙuraje a cikinsa, Roughness na ƙara musu ƙarfi. Ka ba wannan minti goma cur, ba ɓata lokaci ba ne.

Tsagewar katanga

Kafin ka ci gaba, da za ka fita ka tsaya gaban wata tsohuwar katanga da ya fi. Dubi yadda tsagar take: ba a miƙe ba, ba ko'ina ba, kuma gindin bangon ya fi samansa duhu saboda feshin ruwan damina. Abu uku ke nan, kuma su za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Ɗauko Voronoi Texture, ka haɗa shi da Mapping ɗin nan. Sunan na Georgy Voronoy ne, masanin lissafin da ya yi bayanin wannan tsari a 1908. Ka ɗauka an haƙa rijiyoyi barkatai a fili, aka ce kowane gida ya riƙa ɗiban ruwa a wadda ta fi kusa da shi. Iyakokin da za su fito tsakanin masu wannan rijiya da masu waccan, su ne zanen Voronoi, kuma kusan haka busasshen taɓo yake tsagewa a bakin tafki. A cikin akwatin, sauya F1 zuwa Distance to Edge, ka sa Scale a 6.

Abin da za ka gani zai yi duhu-duhu, bai yi kama da tsaga ba. Kawo Color Ramp ka sa a gabansa. Ja alamar fari daga can ƙarshen dama zuwa wajen 0.04. Ma'anar wannan ita ce duk abin da ya wuce 0.04 ya zama fari, sai siririn layin iyaka kaɗai ya rage baƙi. Ga tsaga ta fito. Color Ramp shi ne akwatin da za ka fi kowanne amfani da shi a rayuwarka ta wannan sana'a, don haka ka saba da jan alamominsa.

Sai dai layukan a miƙe suke kamar an ja su da rula. Maganin wannan dabara ce da ta fi komai ba ni sha'awa a harkar: ba zanen ake lanƙwasawa ba, adireshin ake rikitawa. Ɗauko Mix Color, ka sa shi tsakanin Mapping da Voronoi, wayar Mapping ta shiga A. Fitar da Color na Noise ɗin farko ka kai B. Sauya nau'in gaurayar zuwa Linear Light, ka sa Factor a 0.1. Yanzu kowane ɗigo yana ba Voronoi adireshin da ya ɗan goce, sai layukan su karkace yadda na gaske suke. Ka gwada kai shi 0.5 ka ga yadda komai ke narkewa, sannan ka dawo da shi.

Saura a hana tsagar mamaye bangon duka. Kawo sabon Noise Texture mai Scale 1.5, ka bi da shi ta wani Color Ramp, ka matso da alamomin biyu kusa da juna a tsakiya har ka samu manyan yankuna baƙi da fari. Sai akwatin Math, ka zaɓi Maximum, ka zuba tsagar a ɗaya bakin, yankunan a ɗayan. Maximum lambar da ta fi girma yake ɗauka, don haka duk inda yankin ya yi fari, 1 ta rinjayi 0, tsaga ta ɓace.

Zurfi da kaushi

Ɗauko Bump, ka haɗa Normal ɗinsa da Normal na Principled BSDF. Abin da ya fito daga Maximum ya shiga Height. Sa Distance a 0.05, Strength a wajen 0.6. Koma kan Principled ka duba: tsagar ta lotsa.

Jikin yaɓe ba sumul yake ba, akwai tsakuwa da sawun hannu. Ƙara wani Noise mai Scale 60 da Detail 8, ka ninka shi da 0.15 ta Math mai Multiply, sannan ka tara shi da tsagar ta Math mai Add kafin su shiga Height. Kuskuren da kowa ke yi shi ne cika Bump ƙarfi har bango ya koma kamar an murƙushe takardar sigari. Idan kana shakka, rage.

Ka sani Bump yaudarar haske ce. Dubi katangar ta gefe, za ka ga bakinta a miƙe yake. Mai son ainihin tudu da kwari sai ya koma ga Displacement, wanda ke buƙatar a yanka bangon gida dubbai, kuma yana cin ƙarfin kwamfuta. Bar shi sai wani karon.

Roughness na Principled ka kai shi 0.9, don ƙasa ba ta ƙyalli. Metallic ya zauna a 0.

Yanzu launi

Noise mai Scale 3 da Detail 6, sai Color Ramp. Wannan karon danna kowace alama ka ba ta launi: ɗaya jan ƙasa mai duhu, misali 8A4B2A a gurbin Hex, inda ake rubuta lambar launi, ɗaya mai haske kamar B5714A. Kada su yi nisa da juna. Sai Mix Color mai Multiply, Factor a 1, launin a A, tsagar a B, domin cikin tsagar ya yi duhu. Kai shi Base Color.

Duhun gindin bango kuwa nan Generated ke da rana, don yana ƙirga abu daga 0 a ƙasa zuwa 1 a sama. Ja waya daga Generated zuwa Separate XYZ, ka ɗauki Z. Tara masa ɗan Noise da aka ninka da 0.2 don kada layin ya fito a miƙe kamar fentin ofis. Bi da shi ta Color Ramp, ruwan toka mai duhu a 0.1, fari a 0.35, ka ninka shi da launin ta wani Multiply. A ganina wannan ɗan ƙarin ya fi tsagar kanta sa mutum ya yarda katanga ce.

Ka riƙa danna Ctrl da S a kai a kai. Wutar lantarki ba ta sallama kafin ta tafi. Idan kwamfutarka ta fara nishi, Detail ne mai laifi a yawancin lokaci, ka rage shi zuwa 3 ko 4 har ka gama. Akwatin da ba ka gane amfaninsa ba, zaɓe shi ka danna M ya yi shiru, ka ga abin da ya sauya. F2 kuma na ba ka damar raɗa masa suna, kuma "tsaga" ko "gindin bango" ya fi "Math.004" amfani idan ka dawo bayan wata guda. In ka zaɓi akwatunan tsagar duka ka danna Ctrl da G, za su dunƙule su zama akwati ɗaya da za ka iya ɗauka zuwa wani aikin, Tab na shigar da kai ciki ya fito da kai.

Abu ɗaya da ke ba masu koyo mamaki: idan ka kai katangar nan Unity ko Unreal, manhajojin haɗa wasannin bidiyo, za ta isa can tsirara, domin waɗannan manhajoji ba sa karanta akwatunan Blender. Sai ka gasa fatar ta zama hotuna. Ana yin haka ne da Cycles, injin fitar da hoto na Blender: ka buɗe wa bangon UV, wato ka shimfiɗa fuskokinsa a baje yadda hoto zai hau kansu, ka ajiye akwatin Image Texture mai sabon hoto, misali 2048 sau 2048, ka bar shi a zaɓe ba tare da haɗa masa waya ba, sannan ka je sashen Bake ka gasa launi dabam, Roughness dabam, Normal dabam, kowanne da nasa hoton. Wajen gasa launi ka zaɓi Diffuse ka cire alamar Direct da Indirect, in ba haka ba hasken fitilarka da inuwarta za su manne a jikin hoton.